Labarin Sama A Farkon Kaka: Gargaɗi Ga Manomi Da Mai Fito Da Matafiyi

Duk wanda ya fita bayan gari a Masama da asubar fari cikin watan Satumba zai tarar raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf, gero ya ƙosa har an soma yanka, dawa kuwa tana fid da kai. In rana ta take sai zafi ya sauko, irin wanda a ke ce wa agazari, mutum na zaune a inuwa gumi na zuba. Wata rana kuma da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ya turo iska a gabansa, ya zuba na ɗan lokaci, ya wuce yamma. Waɗannan duka alamu ne na damina tana ban kwana. Da yawa su kan ɗauka in an kawo nan an haye, ba sauran abin tsoro, sai shirin girbi da bukukuwan kaka. Alhali kuwa wanda ya bi labarin shekarun nan ya san manyan masifu da dama da suka sami ƙasashen Gwandu da Kabi da Yawuri da Sakkwato a cikin waɗannan makonni suka auku, watau daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. A rubutun Ajami harafi guda ne ya raba hadari da haɗari, wannan da dal, wancan da ɗa mai hannu, kuma a farkon kaka ne su kan fi kusantar juna.

Saboda haka ya kamata a zauna a duba abin da sama ta saba kawowa a wannan lokaci, da yadda ya ke shafar mutum uku: manomi a tudu da fadama, da mai fito a gulbi, da matuƙin jirgin sama.

Iskoki Biyu

Asalin al'amarin iskoki biyu ne. Ɗaya tana tasowa daga teku, can kudu da Ikko, ɗauke da laima, ita ce uwar damina. Ɗaya kuma tana gangarowa daga hamada ta arewa maso gabas, busasshiya, mai ƙura, ita ce uwar hunturu. Inda suka yi karo akwai wata iyaka wadda ba a gani da ido, amma masana yanayi suna bin ta kullum a kan taswira. Tun daga bazara iyakar nan ta ke hawa arewa sannu a hankali, har cikin Agusta ta wuce Agadas, sa'an nan ta juyo. Komowarta ta fi tafiyarta sauri, shi ya sa damina ta ke shigowa da jan ƙafa, amma ta kan fita kamar an kore ta. A ƙasar Gwandu da Kalgo, inda ruwan shekara ya ke wajen milimita 800, watau inci 30 da 'yan kai, ruwa ya kan ɗauke tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba. Yawuri da Zuru, da ya ke sun fi kudu, su kan ɗan ƙara kwanaki.

Ruwan da ya bar nan kuwa bakin teku ya ke komawa. A Ikko, bayan ɗan hutun da sama ta kan yi cikin Agusta, damina ta biyu ta kan kankama a Satumba da Oktoba. Har wa yau daga cikin haduran da ke ratsa ƙasar Hausa daga gabas zuwa yamma akwai waɗanda su kan faɗa tekun Atlantika ta wajen Sanagal, su girma su zama irin guguwar nan da ke rushe gidaje a tsibiran Karibiyan da Amurka, wadda ita ma a Satumba ta fi yawa.

Mutanen da ba su rasa nasu lissafin ba. Malaman hisabi sun kasa shekara taurari 28, kowane da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, kowane fasali da taurari bakwai. In Sarfa ta shigo sai su ce kaka ta kama, sa'an nan Iwa da Simaku su biyo baya. Lissafin nan yana da amfani har gobe, gama yana nuna wa manomi inda shekara ta kai. Amma ba ya faɗin ranar da hadari zai taso, balle yawan ruwan da ke tafe a gulbi daga ƙasar da ba a gani. Ga shi kuma sama ta sake hali. Dattawa sun ga ni'imar shekarun 1950, sun kuma ga farin 1973 da na 1984. Bayan nan ruwa ya komo, amma ba yadda ya tafi ba. A 2017 masu bincike na Ingila da Faransa, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam, suka bayyana cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka uku tun daga 1982. Watau ruwan da da ya kan sauka a hankali cikin kwanaki, yanzu sau da yawa a dare guda ya ke zuba.

Manomi A Tudu Da Fadama

Manomin tudu a Masama da Kambaza da Dalijan tsoro biyu ke gare shi, kuma sun saɓa wa juna. Geron da aka yanka rana ya ke so, dawa da maiwa da wake kuwa suna bukatar ruwa biyu ko uku na ƙarshe kafin su cika ido. In ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta yi tsaye ba ƙwaya. In ya zarce, damman geron da aka tara a gona su jiƙe, su yi funfuna ko su tsira. Gyaɗa da masara kuwa in an zuba su a rumbu ko buhu da sauran laima su kan kama wata funfuna mai guba da ke lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kashe gubarta. Iskar da ke gaban hadarin kaka ita ma ba ta da dama, ta kan kwantar da dawa ta kware rufin kwano. Masu rainon irin albasa a Gwandu da Aliero sun san ruwa guda mai ƙarfi a wannan lokaci ya isa ya wanke musu fangali. Kuma in girbi ya yi jinkiri, shanun da ke gangarowa neman fadama su kan tarar amfani bai tashi ba, daga nan sai rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Manomin fadama shi nasa haɗarin ba daga saman kansa ya ke zuwa ba. Yana iya kwana bakwai bai ga ɗigon ruwa ba, ya wayi gari shinkafarsa ta nutse. Dalili kuwa shi ne Gulbin Rima ruwan ƙasashe da yawa ya ke tarawa, daga Katsina da Zamfara da Maraɗi, ya bi ta madatsar Goronyo da aka gama a 1984, ya haɗu da Gulbin Sakkwato wanda ya biyo ta madatsar Bakolori ta 1978, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya ratsa fadamun Kalgo da Bunza, ya karɓi Gulbin Zamfara, sa'an nan ya faɗa Kwara, watau Kogin Neja. A ƙarshen damina madatsun nan su kan cika, tilas a buɗe ƙofofi don kada gini ya karye. In kuma Kwara ita ma ta cika, ruwan Rima ba ya samun wurin zuba da sauri, sai ya kwanta a fadama.

Haka aka gani a Satumba 2010, sa'ad da ruwan Goronyo ya haɗu da na sama ya ci garuruwa da gonaki a Sakkwato da Kebbi, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aka sake gani a 2012. Na 2020 kuwa ya fi tsanani ga masu shinkafa: a farkon Satumba na shekarar Kwara ta kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan, aka kuma ba da rahoton cewa wajen hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya ci a Jihar Kebbi. Mutane da yawa da suka ci bashi suka sayi taki da iri, saura kwanaki su yi yanka, suka tashi hannu rabbana.

Mai Fito A Gulbi

Kwara cika biyu ta ke yi a shekara. Ta fari ita ce farin ruwa, mai laka, wanda ruwan sama na kusa ke kawowa daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya sauka tun damina a duwatsun Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun Masina cikin ƙasar Mali, ba ya isowa Nijeriya sai wajen Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka gulbi ba ya bin lissafin tudu. A lokacin da manomi ke cewa damina ta wuce, a lokacin ne ruwa ya fi faɗi da gudu a Yawuri da Ngaski da Shanga da Bagudo.

Abu uku ke haɗuwa a kan mai fito a farkon kaka. Na ɗaya, ruwa ya hau ya rufe duwatsu da kututturan itatuwa, musamman a tafkin Kainji, wanda ya haɗiye dazuzzuka da garuruwa bayan an gama madatsar a 1968. Na biyu, hadarin kaka da rana tsaka ko da la'asar ya ke tasowa, iskarsa kuwa tana riga ruwansa isowa, ta tayar da igiya a fili inda babu wurin fakewa. Na uku, lokacin ne kasuwa ta fi ci, jirgi ya fi kaya: buhunan hatsi, da babura, da dabbobi, da mutane a kan kaya. Jirgin da bakinsa ya rage tazarar tafin hannu daga ruwa, igiya guda ta ishe shi.

Labarin ba ɓoyayye ba ne. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa, 'yan kaɗan suka tsira. A Janairu 2023 jirgin manoman shinkafa ya rabe biyu a ƙasar Koko da Besse, aƙalla mutum 10 suka rasu. A farkon Oktoba 2023 jirgin 'yan kasuwa daga ƙasar Agwara ya kife a hanyar kasuwar Yawuri, aka nemi mutane da yawa aka rasa. Daren 1 ga Oktoba 2024 wani ɗauke da wajen mutum 300, yawancinsu mata da yara masu zuwa Mauludi, ya kife kusa da Gbajibo a ƙasar Mokwa. A Agusta 2025 kuma aka yi na hanyar kasuwar Goronyo. Kada mutumin Masama ya ce shi ɗan tudu ne, ba ruwansa. Samarin tudu su ne ke zuwa ƙwadagon yankan shinkafa a fadama, su ne ke cin kasuwannin bakin gulbi, su ne kuma ba su iya iyo ba.

Matuƙin Jirgin Sama

Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a Mayu 2024, don haka labarin jirgin sama ya zama na gida. Shi ma matuƙi abokan gaba biyu ke gare shi a wannan fasali, ɗaya na bin ɗaya. Na farko hadarin ƙarshen damina ne. A ƙarƙashin irin wannan hadari iska ta kan faɗo daga sama da ƙarfi ta watsu, ta yadda jirgin da ke tashi zai ji ta a gabansa, nan take kuma ta koma bayansa, sai fikafikai su rasa abin da zai ɗauke su, ga shi kuwa ƙasa tana kusa. Ƙasar Sakkwato ba za ta manta da 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan ya tashi daga Abuja cikin hadari, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Masu bincike suka ce tashi cikin mugun yanayi da rashin bi da juyin iskar yadda ya kamata su ne musabbabi.

Na biyu hazo ne. Da iyakar iskokin nan ta wuce kudu, iskar hamada ta kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta wajen Faya, da kuma yankin Bilma a Nijar. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta tashi can sai a gan ta a Kano da Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Ta kan soma leƙowa a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, har wata rana mutum ba ya ganin abin da ya wuce mita 1,000. A irin wannan rana a kan jinkirta jirgi, ko a soke shi, ko a karkatar da shi wani gari. Matafiyin da aka ce wa ya jira bai kamata ya yi fushi ba, gama jinkirin nan don ransa aka yi.

Wa Ke Samun Labari?

A nan ne maganar ta ke. Sama guda ce a kan mutum ukun nan, amma ba daidai su ke samun labarinta ba. Matuƙin jirgin sama doka ta hana shi tashi sai ya karɓi bayanin yanayi, ana kuma sabunta masa shi kowace sa'a ko rabin sa'a. Bayan haɗurran 2005 da 2006 aka kafa na'urorin gane juyin iska a manyan filayen jirgi kamar Abuja da Ikko da Kano. Mai fito kuwa, wanda a ranar kasuwa ya kan ɗauki mutanen da suka kai na jirgin sama yawa, ba shi da abin dubawa sai idonsa. Manomin fadama sau da yawa ba ya jin an buɗe madatsa sai ruwa ya iso.

Ba don babu hukumomi ba ne. Akwai NiMet, hukumar yanayi da aka kafa da dokar 2003, wadda ke fid da hasashen shekara tun kafin damina, da na kwana uku uku, da gargaɗin hazo. Akwai NIHSA mai auna koguna da fid da hasashen ambaliya kowace shekara. Akwai NIWA mai hedkwata a Lokoja, mai kula da hanyoyin ruwa, wadda dokokinta na 2023 suka wajabta rigar kariya daga nutsewa, suka hana lodi fiye da kima, ta kuma hana tafiyar dare. A Yamai akwai Hukumar Kogin Neja da cibiyar AGRHYMET. Ilmin yana nan, abin da ya rage shi ne zangon ƙarshe, daga ofis zuwa bakin gulbi. Takardar da aka buga da Turanci aka sa a intanet ba ta kai ga mai riƙe da filafili ba. Ko fassarar Hausa da NiMet ke yi da boko ta ke, alhali a garuruwan nan akwai dubban mutane da Ajami ne karatunsu.

Wasu su kan ce ai hasashen nan shiga gaibu ne, wasu kuma su ce ba ya cika. Amsar na farko ita ce wanda ya hango ƙurar mahayi daga nesa ya ce baƙo na tafe bai yi duba ba, gani ya yi. Masana yanayi su ma gani su ke yi, sai dai daga sama su ke hangowa, ruwan da ya wuce Yamai kuwa auna shi aka yi da ma'auni. Na biyu suna da 'yar gaskiya. Hasashen shekara na ƙasa guda ne, ba ya iya faɗin gonar da ruwa zai tsallake. Amma na kwana biyu ko uku ya fi shi cika nesa ba kusa ba, na gulbi kuwa ya fi duka, domin ruwan da ya riga ya shiga kwari ba ya komawa baya. In an yi gargaɗi hadari bai zo ba, kasuwa guda aka rasa. In ya zo ba a yi ba, gari guda ke zaman makoki.

Abin Da Ya Kamata

Na farko, gidajen rediyon Kebbi da Sakkwato su sa wa labarin sama lokaci tsayayye, safe da yamma, da Hausa mai sauƙi, a ambaci garuruwa da sunansu, a kuma aika shi da murya ta wayar hannu, a rubuta gargaɗin ambaliya da Ajami a manna a kasuwanni da ƙofar hakimai. Na biyu, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sanar da sarakuna da hakimai kwanaki kafin ta buɗe madatsa, su kuma su sa a yi shela. Na uku, a mayar wa Sarkin Ruwa ƙarfinsa. Sarkawa da Gungawa sun fi kowa sanin halin gulbi, in aka haɗa saninsu da labarin hukuma, aka ba Sarkin Ruwa ikon tsai da jirgi in hadari ya haɗo ko kaya sun yi yawa, doka za ta sami mai tsaronta a kowane mashigi. A zana wa kowane jirgi layi a jiki, in ruwa ya taɓa shi a rage kaya. Na huɗu, rigar kariya ta zama a mashigi ta ke, a ba mutum in zai shiga a karɓa in ya fita, don kada ta ƙare a ɗaka.

Shi kuma manomi abin da ke hannunsa ba kaɗan ba ne. Cikin Satumba ya sa ido ga gulbi ko da sama ta yi tas, shinkafar da ta nuna kada a bar ta tana jiran farashi. A farkon Oktoba ya ɗauka akwai sauran hadari ɗaya ko biyu masu iska, ya ɗaga dammansa daga ƙasa ya rufe, kada ya zuba gyaɗa a buhu sai ta bushe ƙarau. Daga ƙarshen Oktoba ya shirya wa hazo da sanyi da gobara. Mai shiga jirgi kuwa ya yi sammako ya komo kafin la'asar, in ya ga jirgi ya cika ya haƙura ya jira na baya. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda kuma ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da zai shafa wa nasa.

Allah ya ba da kaka mai albarka, ya kiyaye na tudu da na gulbi da na sama.